Tallafa wa Mata Masu Sana'ar Cikin Gida: Tambayoyi da Amsoshi

Tambayoyin da ke ƙasa su ne suka fi yawan fitowa daga bakin masu son taimaka wa mace mai ƙaramin ƙarfi da ke neman na kanta daga cikin gida: ɗan'uwan da ke son ba 'yar'uwarsa jari, shugabar ƙungiyar mata, ma'aikacin hukumar agaji, da mai hali da ke neman inda zai sa taimakonsa ya yi amfani. An fara da masu sauƙi, sannan aka gangara zuwa masu sarƙaƙiya.

Su wane ne ake kira mata masu sana'ar cikin gida?

Duk macen da kuɗin shigarta ke fitowa daga aikin da take yi a ɗakinta ko a ƙofar gidanta: mai ɗinki, mai saƙa, mai kitso, mai haɗa sabulu, mai dafa abincin sayarwa, mai saro kaya tana sayarwa da ɗai-ɗai. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019, kafin annobar korona ta kora ma'aikatan ofis gida, mutum kusan miliyan 260 ne ke aiki daga gida a faɗin duniya, kuma kashi 56 cikin 100 mata ne.

Sun kasu gida biyu, kuma ya kamata mai taimako ya san da wacce yake hulɗa. Akwai mai cin gashin kanta: ita ke sayen kayan aiki, ita ke yanke farashi, riba tata ce, faɗuwa ma tata ce. Akwai kuma mai aikin jinga, wadda wani ɗan kasuwa ko dillali ke kawo mata kaya ta ɗinka ko ta shirya, ya biya ta bisa yawan abin da ta gama. Yawancin amsoshin nan sun shafi ta farko ne. Ta biyun tana da tata amsar can ƙasa, domin damuwarta daban ce.

Me ya hana ta kama shago ta fita inda mutane suke?

Kuɗin haya, da raino, da girki, da jinyar tsofaffi. Rahoton da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta fitar a 2018 ya nuna mata ne ke yin fiye da kashi uku cikin huɗu na aikin kula da gida da ba a biya. Wata kuma dokar gidansu ce ba ta ba ta damar fita ba, wata lafiya ce. Sana'ar gida ita ce wadda ta shiga cikin ɗan lokacin da ya rage mata. Duk tsarin taimakon da ya ɗauka cewa tana da yini guda a hannu, tun daga tushe ya kauce.

Ina da ɗan abin da zan taimaka da shi. Daga ina zan fara?

Ku fara da zama da ita, kafin ku ambaci kuɗi. Da zarar an ce za a ba da jari, amsa ɗaya ake samu: jari nake bukata. Amma ku tambaye ta yadda makon jiya ya kasance. Nawa ta saro? Nawa ta sayar? Wa ya karɓi kaya bai biya ba? Wace rana ce ba ta yi aiki ba, kuma me ya hana ta? Daga waɗannan amsoshin ne ainihin cikas ɗin zai fito.

A ɗauki mai ɗinki. Wata ana kawo mata aiki har ya fi ƙarfinta, amma keken aro take amfani da shi, sai mai shi ta gama sannan ta hau. Wannan keke take bukata, kuma ranar da ta same shi za a ga canji. Wata tana da keke, an lulluɓe shi da zane a kusurwar ɗaki, ƙura ta hau kan zanen, domin telolin unguwar sun fi masu kawo ɗinki yawa. Ba ta keke na biyu ba zai ƙara mata komai ba, masu saye take nema. Ta uku tana da keke da masu kawo aiki, amma kuɗin zare da allura kullum suna tafiya a cefane. Mata uku, sana'a ɗaya, kuma abin da zai ɗaga ɗaya ba zai motsa ɗaya ba.

Kyauta ta fi ko bashi?

Ya danganta da inda take tsaye. Wadda take hannu baka hannu ƙwarya, ba ta da sana'a mai tafiya, bashi nauyi ne kawai za a ƙara mata. Da kyauta za ta fara, kuma da tsari, kamar yadda aka yi bayani a amsar da ta shafi wadda ba ta da komai. Wadda kuma sana'arta ke juyawa, kaya na ƙare mata alhali masu saye na jira, bashi mai sauƙin sharaɗi zai iya yi mata amfani, kuma kuɗin da ta mayar zai kai ga wata.

Abin da ba shi da kyau shi ne a bar maganar a dunƙule. Ku faɗa mata tun farko, a gaban shaida idan da hali: wannan kyauta ce, ko wannan rance ne, za a biya kaza a lokaci kaza. Zumunci da yawa ya lalace saboda mai bayarwa ya ɗauka rance ya ba da, mai karɓa kuma ta ɗauka kyauta aka yi mata.

Na ba ta jari, bayan 'yan watanni ta ce ya karye. Sakaci ne ko almubazzaranci?

Mafi yawan lokuta ba ko ɗaya ba ne, kuma wannan ce tambayar da ta fi kowacce muhimmanci a shafin nan. Kuɗin sana'ar da ake yi a cikin gida yana zaune ne a inda kowace bukata ta gida ke ganinsa. Yaro ya kwana da zazzaɓi, makaranta ta aiko a biya, maigida ya fita bai bar na cefane ba, wata 'yar'uwa ta zo da matsalar da ba a iya cewa a'a. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan dalili ne na gaskiya, kuma ita kaɗai ce aka san akwai kuɗi a hannunta. Yau an taɓa riba, gobe an taɓa uwa, jibi ta je sari da rabin abin da ta saba. Ƙara mata jari ba tare da an toshe waɗannan hanyoyi ba kamar ɗiban ruwa ne da kwando.

Bincike ya tabbatar da haka. A Siri Lanka, wasu masana tattalin arziki sun raba wa masu ƙananan sana'o'i jari kyauta ta hanyar ƙuri'a, suka bi diddiginsu. Sakamakon da aka wallafa a 2008 ya nuna ribar maza ta ƙaru sosai, ta mata kuwa kusan ba ta motsa ba. An daɗe ana fassara wannan da cewa sana'o'in mata ba sa iya girma. Sai a 2019 wasu masu bincike suka sake duba alƙaluman Siri Lanka da na Ghana da na Indiya, suka gano cewa a gidajen da miji ma yake da sana'a, jarin matar yakan gangara zuwa tasa sana'ar. A gidajen da matar ce kaɗai mai sana'a, ribarta ta ƙaru. Wato kuɗin ya yi aiki, amma a wani aljihun.

Don haka kafin ku yanke mata hukunci, ku bi sawun kuɗin tare da ita, ba cikin faɗa ba. Amsoshin da suka shafi kayan aiki, adashe, waya da kuma miji duk suna magana ne a kan hanyoyin kare jari daga wannan yoyo.

Gara in ba ta kuɗi a hannu ko in saya mata kayan aiki?

A wani gwaji da aka yi a biranen Akara da Tema na Ghana, an ba wasu kuɗi a hannu, wasu kuma aka raka su suka zaɓi kayan da suke so aka biya. A wajen mata, kayan ne suka ƙara riba, kuɗin hannu bai yi wani tasiri ba. Dalilin a fili yake: keken ɗinki ko injin niƙa ba ya gutsuruwa a sayi magani da shi. Sai dai ko a nan ma, matan da sana'arsu ta riga ta ɗan yi ƙarfi su ne suka amfana. Waɗanda tasu ba ta wuce ta rufin asiri ba, kaya da kuɗi duk ba su canza musu komai ba.

Sharaɗi ɗaya: ita za ta zaɓa. An sha ganin ƙungiyoyi sun sayo injuna iri ɗaya sun raba wa mata ɗari, an ɗauki hoto, bayan wata guda rabin injunan suna kasuwa ana sayar da su a araha. Mai karɓa ba ta yi laifi ba, abin da ba ta nema ba aka ba ta, ta mayar da shi abin da take bukata. A kuma tuna cewa inji yana cin wuta ko mai, yana kuma lalacewa. Idan babu mai gyara a kusa, a sake tunani.

Ba an ce bashin ƙananan bankuna yana fitar da mata daga talauci ba?

An faɗa, kuma labarin yana da tushe. A 1976 Muhammad Yunus, malamin jami'a a Bangaladesh, ya ranta wa mutum 42 a ƙauyen Jobra dala 27 daga aljihunsa. Daga nan Bankin Grameen ya samo asali, aka kafa shi a hukumance a 1983, kuma fiye da kashi 90 cikin 100 na masu karɓar bashinsa mata ne. A 2006 aka ba Yunus da bankin kyautar Nobel ta zaman lafiya. Sun nuna wa duniya cewa talaka yana biyan bashi, abin da manyan bankuna suka daɗe suna musawa.

Amma biyan bashi daban, fita daga talauci daban. A 2015 aka wallafa sakamakon gwaje-gwaje shida daga Bosniya, Habasha, Indiya, Meziko, Mongoliya da Maroko. Duk sun nuna abu kusan ɗaya: wasu sun faɗaɗa sana'a, mutane sun samu ɗan sarari wajen juya kuɗi, amma kuɗin shigar yawancin gidaje bai ƙaru a zo a gani ba. Inda aka yi sakaci kuma abin ya zama masifa. A jihar Andhra Pradesh ta Indiya, kamfanonin ba da lamuni sun yi ta rige-rigen ba mata bashi, mace ɗaya ta karɓa daga wurare uku ko huɗu, tana cin wannan tana biyan wancan. Da rahotannin matsin lamba da na kashe kai suka yawaita, gwamnatin jihar ta sa doka mai tsauri a 2010, harkar ta durƙushe.

Idan rance zan bayar, wane irin sharaɗi ya dace?

Na farko, a ba ta lokaci kafin ta fara biya. Tsarin da aka saba shi ne a fara karɓa bayan mako ɗaya ko biyu, wanda ke tilasta mata ta ware wani ɓangare na rancen don biyan rancen. A Kolkata ta Indiya an gwada ba wasu mata hutun wata biyu kafin biyan farko. Sun zuba kuɗin a harkokin da suka fi riba, kuma bayan shekara uku ribarsu ta fi ta sauran. Gaskiya ne waɗanda suka kasa biya sun ɗan fi yawa a cikinsu, domin mai sarari takan yi kasada. Wanda ke ba da rance don taimako ya kamata ya iya ɗaukar wannan.

Na biyu, biyan ya bi yadda ciniki ke tafiya, a sassauta a lokacin da kasuwa ta kwanta. Na uku, kada a karɓi kayan aikinta a matsayin jingina, domin ranar da aka ɗauke su an rufe hanyar biyan ma. Ga masu guje wa kuɗin ruwa, akwai misalai masu aiki. Ƙungiyar Akhuwat da Dakta Amjad Saqib ya kafa a Lahore ta Pakistan a 2001 tana ba da rance ba ruwa, kuma takan raba shi a masallatai da sauran wuraren ibada. Akwai kuma tsarin murabaha, inda mai taimako zai sayi kayan ya sayar mata da ribar da aka sani tun farko, ta biya a hankali.

Ina amfanin adashe da ƙungiyoyin ajiya, tunda kuɗinsu ne dai suke juyawa?

Amfaninsu ya fi yadda ake zato, saboda dalilin da aka faɗa a amsar karyewar jari. Kuɗin da aka zuba ya bar ɗaki, ba wanda zai roƙe shi da dare. Ta kuma samu amsar da kowa ke girmamawa: na zubi ne. Ranar kwasa kuma kuɗi ya zo a dunƙule, wanda zai isa sari mai kauri.

Akwai ingantaccen salo da ƙungiyar CARE ta fara a Jamhuriyar Nijar a 1991 da sunan Mata Masu Dubara, wanda daga baya ya bazu zuwa ƙasashe da dama na Afirka da Asiya. Mata kamar 15 zuwa 30 suna haɗuwa duk mako, kowa ta zuba gwargwadon ƙarfinta. Ana ajiye kuɗin a akwati mai kwaɗo uku, makullan suna hannun mata uku daban, akwatin yana hannun ta huɗu, kuma ba a buɗe shi sai a gaban kowa. Mai bukata ta ranta, akwai kuma ɗan asusun ko-ta-kwana na rashin lafiya ko rasuwa. Bayan kamar shekara guda a raba. Abin da mai taimako zai kawo shi ne horo, da akwati, da littafi. Ra'ayina shi ne kada ya yi saurin zuba nasa kuɗin a ciki: mata suna sa ido sosai a kan guminsu, amma da an ce kuɗin na wani baƙo ne, biyan rance sai ya fara sanyi.

Horo yana da amfani, ko ɓata lokaci ne?

Irin wanda ake tara mata a zaure kwana uku, a cika allo da lissafin akanta, a raba takardar shaida, amfaninsa kaɗan ne. A Jamhuriyar Dominika an kwatanta irin wannan darasi da wani mai sauƙi da ke koyar da 'yan ƙa'idoji kawai, kamar raba kuɗin sana'a da na gida a wurare biyu. Mai sauƙin ne ya canza yadda mutane ke riƙe kuɗinsu, musamman masu ƙarancin karatu. A Lome ta Togo kuma an gwada horon da ke koya wa mutum neman sabuwar dabara da kansa, da hango matsala kafin ta zo, da rashin karaya. Sakamakon da aka wallafa a 2017 ya nuna ribar waɗanda suka samu wannan horo ta ƙaru da kusan kashi 30 cikin 100, ta wuce ta waɗanda aka koya wa darasin kasuwanci na gargajiya.

A yi shi kusa da gida, a lokacin da ita ta ce ta samu sarari, a kuma yarda ta zo da goyonta.

Ba ta yi karatu ba. Ta yaya za ta riƙe lissafi?

Da gwangwani uku. Idan ta tashi daga ciniki da yamma, ta zube kuɗin ta ƙirga. Abin da ta kashe wajen saro kayan da suka fita yau ya koma gwangwanin farko, wannan uwar kuɗi ce, ba a taɓa ta ko da me. Daga abin da ya rage ta ɗauki ladan da ta yanka wa kanta ta sa a na biyu, shi ne na gida. Sauran ya shiga na uku, na zubi da gyaran kayan aiki. Idan dole ta sa ta ɗauka daga na farko, ta sa tsinke ko ƙwayar dutse a ciki don ta tuna sana'a na bin ta bashi, ta mayar kafin sari na gaba.

Masu bashi kuma ana iya riƙe su da zane a bango ko a littafi, kowane mutum da alamarsa. Yaron da ke makaranta zai iya rubutawa, amma ƙirgar ta zama a hannunta.

Tana ciniki kullum amma ba a ganin riba. Me ke faruwa?

Abu biyu ne suka fi yawa. Na farko, farashinta bai ƙunshi duk abin da ta kashe ba. Takan ƙirga kayan da ta saro, ta manta da kuɗin mota, da wuta, da leda, da abin da ya lalace, da wanda yara suka ɗauka, balle lokacinta. Ku zauna ku lissafa kaya ɗaya tak daga farko har ƙarshe. Wani lokaci za a tarar abin da ya fi fita shi ne wanda take faɗuwa a kansa.

Na biyu, bashi. Mai shago a kasuwa yana sayar wa baƙi, ita kuwa maƙwabta da dangi take sayar wa, mutanen da za ta haɗu da su gobe. Hana su da wuya, bin su ya fi wuya. Abin da ke aiki shi ne ƙa'idar da ba ta ware kowa: ba a ƙara sabon bashi sai an biya tsoho, aikin da aka yi oda kuma a ba da kafin alƙalami. Idan ƙungiyarsu ce ta sa dokar, ta samu abin fakewa: ba ni ba ce, dokar ƙungiya ce.

Duk matan unguwar abu ɗaya suke sayarwa. Ya za a yi?

Wannan shi ne iyakar da jari ba ya iya tsallakewa. Idan mata goma suna sayar wa gidaje hamsin, ƙara wa kowacce jari ba ya ƙara masu saye, sai dai su karya wa juna farashi. Mafita ita ce a kai kayan wajen unguwar: makarantar da ke bukatar kayan ɗalibai, shagon da zai karɓa duk mako, ofishin da ke ba da oda. A nan ne mai taimako yake da abin da ya fi kuɗinsa daraja, wato mutanen da ya sani. Haɗa ta da mai saye ɗaya na dindindin yakan fi rance amfani. Amma babban mai saye yana son kaya iri ɗaya, a kan lokaci, da yawa, don haka sau da yawa sai mata sun haɗu sun yi sari tare sun cika oda tare.

Sayen tausayi kuwa ba ya ɗorewa. Idan ɗinkin ya karkace, ku faɗa mata.

Ya zan yi da miji ko dangin da ke sa hannu a kuɗin?

Kada a tsallake su, kada kuma a miƙa musu ragama. Tsarin da aka yi a ɓoye wa miji yakan jawo rigima, kuma ita ce za ta kwana a gidan bayan mai taimako ya tafi. Abin da ya fi shi ne a yi bayani a gabansa, da yardarta: wannan jari na sana'a ne, ga abin da gida zai riƙa samu daga ribar, ga abin da ba a taɓawa. Maza da yawa sukan goyi baya idan an nemi shawararsu tun farko. A kuma lura da wani abu da ke faruwa a hankali: da ta fara samu, sai a janye mata abin da aka saba bayarwa, hidimar gida duka ta dawo kanta. Idan haka ta faru, sana'ar ba za ta taɓa girma ba.

Ita ta fi kowa sanin gidanta. Idan ta ce kada a faɗi adadin, a bi maganarta. Idan akwai duka ko barazana, maganar ta wuce ta sana'a, sai a nemi masu aikin kare mata da hukumar da abin ya shafa.

Waya tana da wani tasiri?

Tana da shi, ta fuska biyu. Ta ɗaya talla: hoto mai kyau a WhatsApp ko Facebook yana kai kaya inda ƙafarta ba ta zuwa. Ta biyu ajiya. Tun da aka fara M-Pesa, tsarin turawa da ajiye kuɗi ta waya, a Kenya a 2007, asusun waya ya zama ma'ajiyar masu ƙaramin ƙarfi a ƙasashe da yawa. A Yuganda an gwada tura wa wasu mata rancensu ta asusun waya maimakon a damƙa musu a hannu. Bayan wata takwas ribarsu ta fi ta sauran da kusan kashi 15 cikin 100, kuma waɗanda suka fi amfana su ne masu fama da matsin dangi. Sharaɗin shi ne layin ya zama da sunanta, lambar sirri kuma ita kaɗai ta sani. A gargaɗe ta game da masu kira suna neman lambar, da manhajojin ba da bashi masu ruwa mai yawa.

Wadda ba ta da komai, ko abincin yau, ta ina za a ɗauko ta?

Ƙungiyar BRAC ta Bangaladesh ta lura cewa mafi talauci ba sa ma zuwa neman rance. A 2002 ta fara wani tsari mai haɗa abubuwa da yawa lokaci guda: a ba mace kadara kyauta, kamar dabbobi ko kayan sana'a, a koya mata riƙonta, a ba ta ɗan tallafin abinci na wasu watanni don kada yunwa ta sa ta sayar, a sa ta fara ajiya, a kula da lafiyarta, a kuma riƙa ziyartarta a kai a kai har kusan shekara biyu. An gwada tsarin a Habasha, Ghana, Honduras, Indiya, Pakistan da Peru, a gidaje fiye da 10,000. Rahoton 2015 ya nuna abin da gidajen ke ci da kadara da ajiya sun ƙaru, kuma ƙaruwar tana nan shekara guda bayan an janye. A Honduras ne aka samu tangarɗa, inda cuta ta kashe yawancin kajin da aka raba.

Tsarin yana da tsada. Mai ƙaramin ƙarfi da ke son kwaikwayo gara ya ɗauki mace ɗaya ko biyu ya yi musu cikakke, da ya yayyafa wa ashirin.

Mai aikin jinga fa, wadda ake kawo wa aiki gida?

Ita ma'aikaciya ce da ba a kira ta ma'aikaciya ba. Ɗakinta ne masana'anta, wutarta ake ƙonawa, idan an ce aikin bai yi ba a ƙi biyanta, kuma ba ta san nawa ake sayar da abin da ta yi ba. Rance ba ya magance wannan. Haɗin kai ne ke yi. A 1972 Ela Bhatt ta kafa ƙungiyar SEWA a Ahmedabad ta Indiya domin irin waɗannan mata, kuma a 1974 mata 4,000 suka haɗa rupi goma-goma suka kafa bankinsu. Fafutukarsu na cikin abin da ya kai ga Yarjejeniya ta 177 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya a 1996, wadda ta nemi a daidaita haƙƙin masu aiki daga gida da na sauran ma'aikata, ko da yake ƙasashe kaɗan ne suka rattaba mata hannu. A matakin unguwa, a fara da taimaka musu su san juna, su rubuta abin da aka kawo da abin da aka karɓa, su kuma tsayar da lada ɗaya da ba mai sauka ƙasa da shi.

Ta yaya zan gane taimakon ya yi amfani?

Kada ku tsaya a kan cewa ta biya rance, domin ana iya biya da wani bashin ko da sayar da kayan ɗaki. Ku duba bayan wata shida, ku sake dubawa bayan shekara. Sarin da take yi ya ƙaru ko ya ragu? Tana da ajiyar da za ta ɗauki jinyar mako guda ba tare da an taɓa uwar kuɗi ba? Ita ke yanke shawarar abin da za a yi da ribar? Ku duba yaran ma, musamman 'yan mata: idan faɗaɗar sana'ar ta sa an cire yarinya daga makaranta don ta taya aiki, an yi asara ko da ciniki ya ninka. Haka nan hayaƙi, da sinadarai, da wuta a ɗakin da yara ke kwana.

Wata kuma ba ta son sana'ar ta girma. Abin da take so shi ne ta riƙa samun na sabulu da na makaranta ba tare da roƙon kowa ba. Ku tambaye ta tun farko me take buri, ku rubuta, ku auna da wannan.